Tarwaɗa a Kan Keke

Madarumfa, 5 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Nusaiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya baƙuntar Damagaram. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yawonta na barka da gaisuwar mutuwa. Na kira wayarki ya fi sau goma, kullum a kashe, sai daga baya na tuna kin ce makarantar taku ta horon malamai karɓewa take yi sai ƙarshen wata. Shi ya sa na ba Bala direba wannan takarda.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na rubuto ba. Ruwan tabki ya ja, garkarmu ta fito. Kin san yadda abin yake duk shekara, ruwa ya cinye darni da turaku, in ya janye kowa ya sake kafa nasa inda ya san iyakarsa take. To bana da na isa sai na tarar Baba Ibrahim, maƙwabcin garkarmu, ya riga ni. A'a, daga yau Ibrahim zan ce, na cire masa Baban. Ya kafa turakunsa cikin ƙasarmu, ya cinye fangali biyar cur, ya haɗa har da rijiya. Rijiyar da Baba ya gina da hannunsa! Da na yi magana sai ya ce wai ni na fara, tunda bara na kewaye rijiyar da ƙaya na hana shi sa injinsa. To in ban hana ba fa? Injin nan in ya fara zuƙa, kafin hantsi sai laka, ni ina tsaye da guga ina kallo.

Na kai ƙara wurin Mai gari, ya sa mana ranar ashirin da shida ga wata. Shekara goma sha biyu da suka wuce an taɓa yin wannan rigima zamanin marigayi tsohon Mai gari, aka sasanta, aka yi takardar iyaka, Baba ya riƙe ta. Lokacin ina Ɗan Issa ina bin mota, amma ya taɓa nuna mini ita sau ɗaya. Na birkice ɗakinsa kaf ban gan ta ba. Da na tambayi Inna jakar fatar nan tasa, sai ta ce ai kin tafi da ita. Nusaiba, wa kika tambaya? Kayan mamaci ne, ba a ɗaukarsu kamar tsintuwa.

Ki duba aljihun ciki, ki ninke takardar cikin leda, ki ba Bala ranar da zai juyo. Inna ba ta san magana ta kai gaban Mai gari ba, kuma ba na so ta sani saboda hawan jininta.

Yayanki,
Ashiru

Damagaram, 9 ga Nuwamba

Yaya Ashiru,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, har da ƙullin soyayyen kifin da Inna ta aiko, 'yan ɗakinmu sun kusa haɗawa da yatsunsu. Lafiyata ƙalau, mura ce ta ɗan taɓa ni ta wuce. Ka ce wa Inna ta rage wa ƙafar nan wahala.

Abin da Baba Ibrahim ya yi ya ɓata mini rai. Ni dai bakina bai iya cire masa Baban ba tukuna, mutumin da ya fi kowa kuka ranar da muka rasa namu. Amma zancen jaka kada ka ɗora mini laifin da ban yi ba. Inna ce ta ɗauko ta da kanta ta ce in riƙa zuba littattafaina. Na zazzage ta a kan katifa, na fito da aljihun waje. Babu wata takardar iyaka, ba mai hatimi, ba mai boko, ba mai ajami. Abin da na tarar a ciki tun farko shi ne tsohon katin Baba na ɗan ƙasa, da ƙullin irin albasa da ya riga ya mutu, da wata takardar banza da na riga na yi amfani da ita. Ka sake dubawa cikin adakar Inna.

Bari ma in ba ka labarin takardar banzan nan ko ka saki fuska, don wasiƙarka duk a ɗaure take. Madam Mariama, wadda ke koya mana yadda ake koyar da yara zane, ta ce kowa ya nemo takardar da wani ya yi wa ja-ja-ja ɗin nan da ake yi in ana gwada bik ko zai yi rubutu. Ta hana mu ja layin da kanmu, wai hannun mutum zai yi masa wayo. Ta ce mu mai da shi wani abu mai rai, kuma da launi iri ɗaya, har mai kallo ya kasa gane inda na asali ya tsaya da inda namu ya fara.

Sai na tuna da ta cikin jaka. Layi ne guda na shuɗin bik, ya taso ya yi doro ya gangaro ya lanƙwasa, da ɗan zagaye a gefe, da dabbaren tawada uku kamar wani ya dafa da hannu mai datti. Kwana biyu ina kallonsa ina jin haushin Madam. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa. Na ga maciji, na ƙi. Na ga hanyar Safo da kwane-kwanenta, na ce wa zai ba ni maki a kan hanya. A rana ta uku ina wanke kwano sai na waiga, kawai na ga tarwaɗa! Da na gan ta kuma na kasa daina ganinta. Na yi mata ciki da dogayen gashin baki. Dabbare biyun ƙasa na zagaye su suka zama tayoyin keke, na saman na yi masa baki ya zama hula, ɗan zagayen ya zama ƙwallo. Tarwaɗa ce da hularta, ta hau keke za ta kasuwa, ta murtuke fuska irin taka in akuya ta taɓa maka shuka.

Sha takwas cikin ashirin na ci, Yaya, ni da ban taɓa wuce sha biyu a zane ba. An manna ta a bangon aji. Da ina tsammanin zane sai mai baiwa, ashe rabinsa haƙurin kallo ne. Har na tuna ranar da Mushe, malaminmu, ya tsula mini bulala a aji uku don na yi irin wannan a bayan kaye, littafina na rubutu. In Allah ya ba ni ajina, duk yaron da ya yi jagwalgwalon layi sai na tambaye shi me ya gani a ciki kafin in buɗe baki da faɗa.

Allah ya sa ka ga takardarka. A gaida Inna.

Ƙanwarka,
Nusaiba

Madarumfa, 12 ga Nuwamba

Nusaiba,

Salamu alaikum, don addini ya ce a yi. Inna lafiya. Ni ba lafiya ba tun da na karanta wasiƙarki.

Takardar banza? Hannu mai datti? Yatsan ubanki ne kika ce wa datti! Ita ce takardar, Nusaiba. Wane hatimi kike nema? Kin taɓa ganin Baba ya rubuta ko baƙi ɗaya? A bakin garka aka yi ta, aka yago shafi daga kayen wani ɗan lakwal da ya taso daga makaranta, Baba ya ja layin da hannunsa, daga gindin gawo har bakin ruwa. Ɗan zagayen da kika mai da ƙwallo rijiyarmu ce. Yatsu ukun nan, ɗaya na Baba, ɗaya na Ibrahim, na saman na marigayi Mai gari. Mutum biyu cikinsu suna kabari, ba wanda zai taso su su sake dangwalawa. Ke kuwa kin sa wa Mai gari bakin hula, kin ɗora kifi a kan ubanki yana tuƙa shi.

Sha takwas cikin ashirin! Allah ya sanya albarka. Ki aiko mana da ita mu dafa, tunda garkar da muke ci daga gare ta kin mai da ita abin dariyar 'yan aji. Shu, wato kabeji, da salatin fangalin nan su ne tuwon Inna da maganinta, su ne sabulun da kike wanka da shi a Damagaram. Ni ina nan cikin laka tun asuba, ke kina can kina koyon haƙurin kallo. Duk kallon kwana ukun nan bai nuna miki layukan yatsa a jikin tawadar ba?

Ki ɓare ta daga bangon nan yau, ba gobe ba. Kada ki goge komai, kada ki ce za ki gyara, kin gyara ya isa. Ki ba Bala. Saura kwana goma sha huɗu.

Ashiru

Madarumfa, 20 ga Nuwamba

Nusaiba,

Muna lafiya. Kwana takwas ke nan ba takarda, ba amsa. Na ba wani fasinja wannan don ban ga Bala a tasha ba. In makinki ya fi miki garkar Baba ki gaya mini a fili, in san ba ni da ƙanwa, in je gaban Mai gari hannu rabbana. Ibrahim har ya dasa tumatir a fangalinmu.

Ashiru

Damagaram, 22 ga Nuwamba

Yaya Ashiru,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Lafiyar jiki akwai ta.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka same ni, jiya. Motar Bala ce ta mutu a Tasawa, ya yi mako yana jiran kayan gyara da wasiƙarka a aljihu. Amma kai ba ka tsaya tambaya ba, har ka yanke cewa ba ka da ƙanwa. To na gode.

Da na karanta ta farko sai da na zauna a ƙasa. Na yi kuka har 'yan ɗakinmu suka zaci rasuwa aka yi. Na je na tsaya gaban bangon ina kallon tayar gaba, ban ma san ko ita ce ta Baba ko ta baya ba. Wannan ciwon nawa ne, ba sai ka ƙara mini ba.

Amma tunda ka faɗi taka, ka ji tawa. Yaushe aka taɓa nuna mini takardar nan? Shekara goma sha biyu tana cikin gidanmu. Kai an kira ka ɗaki an nuna maka, ni aikina in kawo fura bakin garka in ajiye in juya. Da Baba ya rasu aka zauna maganar gado, an ce mini ina da kaso a garkar, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa zo ki ga inda ƙasarki ta tsaya ba. Wasiƙarka ta farko ma cewa ka yi takardar iyaka, ba ka ce layi ne kawai ba rubutu ba. Da ka ɓata kalma biyar ka siffanta ta, da tun kwana goma sha uku tana hannunka. Kun ɓoye mini abu kamar ni baƙuwa ce, yanzu kuma ana zagina don ban gane shi ba. Kuma kada ka sake yi mini gorin sabulu. Duk hutu wa ke tsugunne yana cire ciyawa a fangalin nan?

Ga takardar nan cikin leda biyu. An manna ta da gam a kan kwali, na ji tsoron ɓarewa kada ta yage, shi ya sa na aiko da kwalin duka. Jan bik ɗin da ke kusurwa makin Madam ne. Ita ma da ta ji labari sai da ta riƙe baki, ta ce in ba ka haƙuri. Na isar da nata. Nawa haƙurin zan bayar ranar da ka janye maganar ƙanwa.

Nusaiba

Madarumfa, 27 ga Nuwamba

Ƙanwata Nusaiba,

Assalamu alaikum. Kin ga na rubuta ƙanwata, to maganar nan ta wuce. Ni lafiya. Inna kuma ta ji komai, don yanzu ko kurma a garin nan ya ji, amma jikinta da sauƙi.

Jiya aka zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Zaure cike, na zaro kwalin daga leda na miƙa. Mai gari ya sa tabarau, ya kalla, ya juya shi, ya sake kallo. Sai ya ce, "To Ashiru, wanga kihi shi na shaidarka?" Wallahi har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Wani ya tambaya sha takwas ɗin me ce ce, ko fangali ne. Yau da safe na je sayen taki, tun daga nesa ake ce mini mai tarwaɗa, ina keken?

Na zaci Ibrahim zai ce wasan yara ne, a yar. Shi ma ya yi dariyarsa, amma da kwalin ya zo hannunsa sai ya ƙura masa ido. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ita ta. Ga yatsana nan an maishe shi tayar baya." Ya bi layin da farce, ya ce hancin kifin shi ne gindin gawo, doron shi ne iyaka. Da aka auna da doron, fangali biyar ɗin nan namu ne, shi da kansa bai musa ba. Sai ya kai farcensa kan wutsiya. Wutsiyar ta lanƙwaso ta cikin ƙasarmu, ta bar ƙwallon a ɓangarensa. Ya ce to ga shi nan, rijiya tasa ce.

Na miƙe na ce ƙarya ne, wutsiya ai ta mai zane ce, kifi ba ya zama sai da wutsiya, yarinya ce ta ƙara. Layin Baba a ƙarshen doro ya tsaya, in an miƙe shi sak zuwa ruwa rijiya tana wajenmu. Mai gari ya duba ya duba, ya ce shuɗi ne kan shuɗi, shi bai iya rabewa ba. Kin ga amfanin sha takwas ɗinki. A ƙarshe ya ce mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ya tarar da abin da ya ƙara, wato ke. Ya ba da mako biyu, ki rubuto da rantsuwa a gaban shaidu biyu, ki faɗi wane layi ne naki.

To ga dama ta zo ki gyara ɓarnarki. Ki rubuta cewa ciki naki ne, gashin baki naki ne, keke naki ne, wutsiya ma taki ce. Na tabbata taki ce. Baba ba zai yi wata biyu cikin rami yana fid da laka, sannan ya ja layi ya ba wani rijiyar ba. In kin manta, to ni na tuna miki. Kin san nan da wata ɗaya tabki zai yi mana nisa, in ba rijiya ba abin da zai rayu a garkar nan. Ki rubuta yadda na ce, ki ba Bala ya kawo mini in gani kafin in kai.

Yayanki,
Ashiru

Damagaram, 3 ga Disamba

Yaya Ashiru,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da jikin Inna bai tashi ba. Ni ma lafiya, sai dai abinci ba ya shiga.

Wutsiyar ba tawa ba ce.

Ban manta ba, kuma ba na buƙatar a tuna mini. Kwana uku na yi ina kallon layin nan, na san shi fiye da tafin hannuna. Wannan lanƙwasar ita ce ma ta fara nuna mini kifin, ba domin ita ba da maciji zan zana. Ni tsini biyun ƙarshen kawai na ƙara mata, na raba ta kamar yadda wutsiyar kifi take. Kuma kai ma ka sani. Baba in ya riƙe bik danna shi yake kamar zai huda takarda, ni kuwa sama-sama nake yi. Duk wanda ya shafa yatsa a kan wutsiyar nan zai ji kwarmin. Kwana uku kwalin ya yi a hannunka kafin zama, kada ka ce mini ba ka shafa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, ka zage ni tas don na yi wasa da hannun Baba ban sani ba. Yanzu kai kana so in goge hannun nasa ina sane, in ɗora Alƙur'ani a kai. Wanne ya fi muni? Kuma sai da kake son ƙarya a bakina ka tuna ni ƙanwarka ce. Da ka bar ni da zagin ya fi mini sauƙi.

Na san abin da rijiyar nan take a wurinmu. Na san shukar da za ta mutu, na san wa zai sha wahalar, kuma ba ni ba ce, kai ne. Wannan shi ya hana ni cin abinci. Amma ka tambayi kanka, shekara goma sha ɗaya Baba da Baba Ibrahim suna ɗiba daga rijiya ɗaya ba wanda ya ji kansu, sai da ka zo da ƙayarka.

Na rubuta bayanin a gaban Madam Mariama da limamin makaranta. Na kwafi layin Baba shi kaɗai a farar takarda, ba kifi ba keke, yadda na same shi. Na rufe ambulan na ce wa Bala ya kai hannun Mai gari da kansa. Ban biyo da shi ta wurinka ba, kuma ga shi ina gaya maka da bakina don kada ka ji a tasha. In za ka sake cire ni daga ƙanwa, ka cire.

Nusaiba

Madarumfa, 19 ga Disamba

Nusaiba,

Salamu alaikum. Muna raye. Na daɗe ban rubuto ba don duk abin da na fara sai in ga bai kamata ya shiga ambulan ba.

An karanta takardarki a zaure ranar goma ga wata. Mai gari ya shafa wutsiyar da yatsa, ya miƙa wa liman shi ma ya shafa. Aka yanke fangali biyar namu ne, Ibrahim ya tuge tumatirinsa. Rijiya tasa ce. Washegari ya kwashe ƙayata ya zubar, ya yi nasa darnin da ƙofar langa-langa. Ya aiko a gaya mini bai hana ni ruwa ba, amma in zo in yi sallama in roƙa da bakina. Na ce ko garkar za ta zama toka.

Da na koma gida ina ta zage-zage, Inna ta bar ni na gama. Sai ta ce, "Da kun tambaye ni. Ina tsaye da ƙwaryar hura sadda anka ja layin. Ƙasar ta Ibrahim ta, ginan na ubanku na, sunka ce kowa shi sha." Na ce me ya hana ta faɗa tun bara. Ta ce wa ya gaya mata ana rigima.

Kwana takwas ina ɗauko ruwa daga tabki da jarka biyu, kuma kullum sai ya ƙara ja da baya. Kafaɗuna sun sale. Salati ya tafi gaba ɗaya. Shu fangali uku sun ƙone, ganyen ya kwanta kamar tsumma. Duk sawun da na yi ina zaginki a raina, ba zan ɓoye miki ba, ke da Madam ɗinki da kifinki.

Jiya da hantsi na taso daga bakin ruwa sai na hango mace tana fitowa ta ƙofar langa-langar nan da bokiti a kai, tana jan ƙafa. Inna ce. Ta je ta yi sallamar da na ƙi yi. Ibrahim yana biye da ita yana cewa ta kawo ya ɗaukar mata, tana ƙi. Mutanen garkunan kusa duk sun miƙe suna kallo. Na yar da jarkunan na ruga na sauke mata bokitin, rabin ruwan ya zube a jikina. Hannu kawai ta miƙo in ba ta ta koma.

Ban ba ta ba. Ni na koma. Na tsaya a ƙofar na yi sallama, na ce, "Baba Ibrahim, na zo ɗibar ruwa." Ya ce in shigo. Ban kalli fuskarsa ba, shi ma bai kalli tawa ba.

Abin da ya rage na shu zai rayu in Allah ya so. Na shafa wutsiyar tun ranar da kwalin ya iso, kin yi gaskiya. Amma kada ki rubuto mini tukuna, ki bar ni in gama fushina.

Yayanki,
Ashiru